In Riƙe Shi Ko In Amince da Musayar?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne daga garin Gombe domin neman shawara a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun mako uku da suka wuce. Ni malamin sakandare ne, kuma shekara 6 ke nan ina horar da wata ƙungiyar matasa ta ƙwallon kwando, wadda yawancin 'yan wasanta suke fitowa daga Pantami, Bolari da Jekadafari. Ba ma biyan kowa albashi, abin da muke tarawa ba ya wuce kuɗin mota da ruwan sha, amma burin kowane yaro shi ne wata rana a gan shi a manyan ƙungiyoyin ƙwallon kwando irin su Gombe Bulls ko Kano Pillars.

Damuwata a kan ɗan wasanmu mai lamba 1 take, wato mai tsara wasa. Shi ne yake karɓar ƙwallo daga bayanmu, kuma doka ta ba shi daƙiƙa 8 ya tsallake da ita tsakiyar fili, sannan cikin daƙiƙa 24 dole a jefa ta kwando, saboda haka idan hankalinsa ya rabu, sauran mutum huɗun da ke fili ba su da abin yi sai kallo. Yaron shekararsa 19. Ranar da yake kan ganiyarsa yana hango abokin wasa tun kafin ya kuɓuce wa mai tsaronsa, kuma ban taɓa horar da mai ido irin nasa ba. Amma bayan kwana uku sai ka gan shi kamar ba shi ba, yana miƙa wa abokan hamayya ƙwallo, yana jifa daga nesa ba tare da dalili ba. A wasanmu na ƙarshe muna gaba da maki 9 aka shiga zango na huɗu, ya zubar da ƙwallo sau biyar cikin minti 10, aka cinye mu.

Ana cikin haka kocin wata ƙungiya a Bauchi ya kira ni, ya ce zai karɓe shi ya ba mu dogon ɗan wasansa mai lamba 5, wato mai tsayawa ƙarƙashin kwando, wanda iyayensa suka dawo Gombe da zama. Gaskiya muna bukatar dogo, domin a ƙarƙashin kwando ake yawan cin mu.

Da a ce maganar a nan ta tsaya, da ban dame ka ba. Da na koma littafin da nake rubuta sakamakon wasanni, sai na ga yawancin munanan ranakunsa sun faɗo ne a safiyar Asabar. Na bincika a hankali, na gano cewa tun rasuwar mahaifinsa bara yake kwana yana aiki a wani gidan burodi sau uku a mako, daga nan ya zarce fili ba barci, wani lokaci ko karyawa bai yi ba. Bai taɓa gaya mini ba, kuma na ji nauyin cewa shekara guda ina yi masa faɗa a gaban 'yan uwansa ban tambaye shi halin da gida yake ciki ba. Ranar sadakar bakwai mahaifiyarsa ta ce mini: “Malam, ga ɗanka nan, amana ne a hannunka.” Wannan magana tana dawo mini duk sanda na ɗauki waya zan kira Bauchi.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Ba duk laifin ne na gajiya ba, domin yana da saurin fushi, kuma da zarar alƙalin wasa ya hura masa ƙeta sai ya shiga gardama, har sau biyu ya cika ƙeta 5 aka fitar da shi kafin a tashi. Kyaftin ɗinmu ya same ni cikin ladabi ya ce sauran yara 11 su ma suna da haƙƙi a kaina, kuma wasu sun fara cewa ina fifita shi. Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Haka kuma kocin na Bauchi ya yi alkawarin masauki da ɗan alawus, wanda zai iya raba yaron da aikin dare, ko da yake zai yi nisan kusan kilomita 150 da mahaifiyarsa da ƙannensa.

A nawa ganin, samun dogo ya fi samun mai tsara wasa sauƙi. Lokacin da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka ci kofin Afirka a Dakar a 2019, Ezinne Kalu, mai tsara musu wasa, ita aka zaɓa gwarzuwar gasar, ba dogayen ba. Zuciyata ta fi karkata ga in riƙe shi, in nema masa aikin rana wajen wani ɗan uwana, in kuma rage masa minti a fili har ya natsu. Amma ina tsoron kada tausayi ya rufe mini ido in cuci ƙungiya, ko kuma son cin wasa ya sa in tare masa hanyar da ta fi masa alheri.

Har yanzu yaron bai san da wannan magana ba. Malam, shin mahaifiyarsa ya dace in fara tunkara, ko shi kansa? Idan ya zaɓi zama, wane sharaɗi zan gindaya masa wanda ba zai karya masa zuciya ba, kuma zai gamsar da sauran yaran cewa an yi adalci? Na yi wa kocin Bauchi alkawarin amsa kafin ƙarshen wannan wata, don haka ina roƙon a duba wasiƙata da wuri.

Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Naka,
Mai horar da matasa,
Gombe.