Kafin a kama maigadi, a duba ƙofar tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekarata 22 ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ban taɓa rubuto wa jarida ba sai yau. Watan jiya ɓarayi suka fasa siton da ɗan yayana yake gadi. Kafin rana ta fito jama'a sun cika wurin, kowa na juya kwaɗon da aka ɓalle a hannunsa, har wani bawan Allah ya ɗauko tsintsiya ya share bakin ƙofar. Yaron kuwa aka tasa ƙeyarsa, ya kwana 9 a tsare. Ba a samu ko allura a wurinsa ba. Laifinsa shi ne maigadi.

'Yata da ke karatu a jami'a ce ta ba ni wani labari da ya hana ni barci. A 1892, a garin Necochea na ƙasar Ajantina, aka kashe yara biyu. Uwarsu, Francisca Rojas, ta ce maƙwabcinsu ne. Aka kama mutumin, aka matsa masa iya matsi, ya ce bai aikata ba. Sai wani sufeto ya lura da zanen yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanko katakon. Da aka gwada bisa hanyar da wani jami'in 'yan sanda, Juan Vucetich, ya tsara, ashe yatsan uwar ne. Ta amsa laifinta, maƙwabcin ya kuɓuta. Da an wanke ƙofar nan da safe, wa zai yarda da shi?

Kuma ilimin nan ba na Turawa kaɗai ba ne. A Kalkata ta Indiya aka buɗe ofishin zanen yatsa a 1897, Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka sha wahalar lissafin rarraba shi, amma sunan shugabansu Bature, Edward Henry, tsarin ya ɗauka. Wannan ya yi mini ciwo. Shi kuwa masanin binciken laifuka Edmond Locard, da ɗakuna biyu kacal ya fara ɗakin bincikensa a birnin Lyon na Faransa a 1910, a kan cewa duk wanda ya taɓa abu sai ya bar alama.

A nan Legas an buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) don binciken laifuka a 2017, aka ƙona ta a rikicin Oktoban 2020. Ina roƙon gwamnati ta riƙe wannan aiki da muhimmanci, don masu gadinmu ne farkon waɗanda za su amfana. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kuma su sanar bayan sallar Juma'a: in an yi sata, a ɗaure igiya a kewaye wurin, kada kowa ya taɓa kwaɗo, kada a yi shara sai masu bincike sun zo.

Ɗan yayan nawa ya ajiye aikin, ya koma Gumel ranar Talata.

Naku,
Mai karatu daga Mile 12, Legas