Sunayen itatuwanmu ba kara zube aka raɗa su ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Rannan a hanyar gona ɗana ya nuna man wani icce yace baba wannan kaɗanya ce ko, nace a'a namijin kaɗanya ne, ganyen kawai ya ɗauko. Wallahi sai abin ya tsaya man a rai, yaranmu suna haddace sunan Latin don jarabawa amma na gida ya gagare su.

Su kakanninmu da lura suke raba tsirrai, wannan namiji wancan mace, wannan na gida wancan na daji kamar gwanda da gwandar daji, abinda suka raina kuma sai su jingina shi ga dabba, tsamiyar biri kenan. Nonon kurciya kuwa tsinke ta ka gani, farin ruwa zai ɗigo maka a yatsa kamar madara. Zogale ma wasu bagaruwar Makka suke ce mai, kaji alamar baƙo.

Tun 1916 Bature Dalziel ya tara irin sunayen nan a littafi, mu ko tsofaffin da suka san su sai ƙarewa suke. Don Allah ku ware masu ko rabin shafi duk sati.

Naku, wani manomi daga Talata Mafara, Zamfara.