Zuwa Ga Uwata, Kafin Ki Sa Hannu

Maraɗi, unguwar Zariya

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, ina sanar da ke cewa takardun kwantiragi biyu da kika turo ta wayar ƙanenki sun iso, kuma na sa an buga mini su, domin idona ba ya jure dogon karatu a fuskar waya. Ta ƙungiyar ƙwallon kwando ta Faransa na karanta ta sau uku. Ta Sifaniya kuwa, wadda suka haɗo da fassararta cikin Faransanci, na kwana biyu ina bin ta layi bayan layi da jan alƙalami, kamar yadda nake bin takardun 'yan makaranta kafin in yi ritaya. Kin nemi shawarata kafin ƙarshen wata, na kuma zaɓi in rubuta miki ita, saboda maganar waya iska ke kwashe ta, rubutu kuwa kina iya komawa gare shi ranar da ba na kusa.

Kafin shawara akwai bashin da kike bina. Lokacin da kike aji na biyu a kwaleji, ni ne na hana ki wannan wasa har tsawon wata huɗu, don wasu dattijai sun tare ni a ƙofar masallaci sun ce ba su taɓa ganin 'yar mutunci tana tsalle a gaban jama'a ba. Mahaifiyarki ce ta ce in je in gani da idona tukuna. Na je bayan la'asar, na laɓe a gindin dogon yaron da ke bayan filin, ba ki san ina wurin ba. Filin siminti ne duk ya tsattsage, kwandon ba shi da raga, ƙarfensa ma ya karkace, ƙwallon kuma ta suɗe har ba a ganin zanenta. Kina sanye da takalmin gwanjo da ya fi ƙafarki, an cusa masa tsumma a gaba, da dogon wando, da ɗan hijabin da mahaifiyarki ta ɗinka miki mai kama kai don kada ya zame. Na ga kin faɗi, gwiwarki ta kuje, kin tashi kin share jinin da tafin hannu kin koma layi. Bayan kowa ya watse kin tsaya ke kaɗai kina jifa daga wuri guda, ina ƙirgawa a zuci har na kai 60, sannan aka kira magariba. A ranar na gane cewa abin da na ɗauka shiririta ce, ke aiki kika ɗauke shi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a wannan karon ke da mahaifiyarki kuka riga ni hangowa, kuma ina neman ki yafe mini waɗancan watanni huɗu.

Abin da ya biyo baya kin fi ni saninsa: sharaɗin da na gindaya cewa babu ƙwallo sai da sakamako mai kyau, jarrabawar birbe da ta bak da kika ci ba tare da maimaita aji ba, tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai a cikin kar don gasar matasa, da mai horarwar da ya gan ki a can ya aika hotunan wasanki Amurka. Shekara biyu a ƙaramar kwaleji, sannan jami'a. Na daɗe ina mamakin yadda ƙasa za ta ɗauki nauyin karatun 'yar wani don kawai tana jefa ƙwallo, sai daga baya na karanta cewa wata doka ce ta 1972, wadda suke kira Title IX, ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni. Wasu mata ne suka yi gwagwarmaya tun ba a haife ki ba, ke kuma kika sha inuwar itacen da suka dasa.

Na san zuciyarki ta sosu da ba a kira sunanki a zaɓen sababbin 'yan wasa na WNBA, babbar gasar ƙwallon kwandon mata ta Amurka, ba, na ji hakan a muryarki ko da yake kin ce ba komai. Ki duba lissafin da kyau. A 2024 ƙungiyoyi 12 ne a gasar, kowacce ba ta wuce 'yan wasa 12, wato gurabe 144 ke nan ga matan duniya gaba ɗaya, zaɓen shekarar kuma mutum 36 ya ɗauka, cikinsu ma da yawa an sallame su kafin a fara kaka. An ƙara ƙungiyoyi bayan haka, amma ƙofar har yanzu ƙarama ce. Su kansu waɗanda suka shiga, da yawansu sun saba tafiya Turkiyya ko Sifaniya ko Sin idan kakar Amurka ta ƙare, domin a can ne suke cika aljihu. Hamchétou Maïga ta maƙwabtanmu Mali ta bi hanya irin taki, daga Bamako zuwa jami'ar Old Dominion, ƙungiyar Sacramento ta zaɓe ta a 2002, ta ci kofi da su a 2005, amma abin da mutanen ƙasarta suka fi tunawa shi ne kofin Afirka da ta jagorance su suka ɗauka a Dakar a 2007. Saboda haka Turai ba wurin waɗanda suka faɗi ba ne, kasuwa ce daga cikin kasuwannin wannan sana'a.

Na ce sana'a da gangan, kuma a nan ne shawarata take. Daga ranar da kika sa hannu, ƙwallon kwando ta tashi daga wasa ta zama abin cin abincinki, sana'a ce kuma mai gajeren kwana wadda jarinta duka yana kan gwiwa biyu, ɗaya daga ciki har an taɓa yi mata aiki. Ban manta daren da kika kira ba, a shekararki ta farko a jami'a, ƙarfe uku na dare a nan, kina cewa kin ji ƙara a gwiwa kamar an karya kara. Na zauna a tsakar gida da tasbaha har asuba, mahaifiyarki tana ɗaki tana kuka a hankali don kada yara su farka. Wata goma kika yi kafin ki koma fili. Likitoci sun tabbatar cewa tsinkewar jijiyar gwiwa irin wannan ta fi yawa ga mata 'yan wasa a kan maza. A lokacin makaranta ce ta biya aikin kuma karatunki bai tsaya ba. Ƙungiyar da ke biyan albashi ba makaranta ba ce, ƙafarki take saye, kuma ran da ƙafar ta gaza, abin da ke rubuce kaɗai zai tsaya miki. Mu mutanen Maraɗi mun san wannan a fagen kokowa: filinmu yana ɗauke da sunan Kantu, shahararren ɗan kokowa, amma nawa ne daga cikin waɗanda makaɗa suka wasa a wannan fili suka tsufa ba su da ko akuya, bayan ƙarfi ya tafi masu kirari sun koma bayan wani?

To, ga ra'ayina a kan takardun biyu. Ta Faransa ta fi tsoka, ba na musu, kuma harshen ba zai ba ki wuya ba. Amma tun ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon kwando ta Faransa ta hana sanya duk wani abu mai alamar addini a gasanninta, kuma hijabi na ciki. Wakilinki bai faɗa miki wannan a saƙonsa ba, takardar ma ta wuce shi da jimla guda, inda ta ce za ki bi dukkan ƙa'idojin hukuma game da tufafi. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan jimla. Ba ni zan tsaya miki a gaban Allah ba, kuma kin kai shekarun da ba a tilasta miki, sai dai ina tuna miki cewa wannan ɗan ƙyallen ba a kyauta ya shiga filin duniya ba. A 2014 'yan wasan Katar sun janye daga gasar Asiya a Koriya ta Kudu da aka ce su cire shi. Bilqis Abdul-Qaadir, wadda ta zuba maki 3,070 a sakandare a jihar Massachusetts, fiye da duk wanda ya gabace ta a jihar, namiji ko mace, ta gama jami'a ta tarar dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta rufe mata hanyar zama ƙwararriya, ta kuma zaɓi hijabinta. Sai a 2017 FIBA ta sauya dokar, bayan mafi kyawun shekarun wasan wannan baiwar Allah sun wuce. Ke kin zo kin tarar da ƙofa a buɗe. Zai yi mini nauyi in ga kin ajiye a bakin fili abin da kika ɗauka tun daga simintin Maraɗi har Amurka, saboda bambancin albashin wata takwas. Ni dai Sifaniya na zaɓa miki.

Sai dai ita ma kada ki sa mata hannu yadda take. Sun ce miki a waya ba su da matsala da shigarki, to su rubuta a cikin kwantiragin, domin shugaban da ya yi alkawari da baki yana iya sauka kafin sanyi ya shigo. Sashe na bakwai ya ba su damar soke yarjejeniya idan kika yi kwana 45 ba ki buga wasa ba, bai kuma bambanta rauni da ganganci ba. Wannan shi ne ɗan hakin da ka raina. Ki nemi a gyara shi ya zama cewa idan a bakin aikinsu kika ji rauni, albashinki zai ci gaba har ƙarshen kaka, kuma magani da inshora suna wuyansu. Ki tabbatar an rubuta ko kuɗin da aka ambata bayan cire haraji ne ko kafin, da ranar biya a kowane wata, da gida, da tikitin jirgi na zuwa da dawowa. Ban kuma ga inda aka ambaci kotun sasanci ta ƙwallon kwando da ke Janiba, wadda ake kira BAT, ba, alhali ita ce mafakar ɗan wasan da ƙungiya ta riƙe wa haƙƙi a ƙasar da ba tasa ba, kuma ba ta sauraron ƙara sai in an yarda da ita a rubuce. Ki sa a ƙara ta.

Game da wakilin, ba na zarginsa da mugunta, amma dillali dillali ne, a kasuwar dabbobi ko a Turai: la'adarsa tana ƙaruwa ne da girman ciniki, shi ya sa Faransa ta fi yi masa daɗin baki. Ki tambaye shi lasisinsa na FIBA, ki kuma sani la'adar ba ta wuce kashi 10 cikin 100. Fasfonki kada ya kwana a hannun kowa.

Akwai maganar gida, wadda ta fi waɗannan wuyar faɗa. Tun da labari ya bazu cewa za ki fara ɗaukar albashi da kuɗin Turai, sallama ta yawaita a ƙofar gidan nan, har waɗanda suka tare ni a masallaci a wancan lokaci sun zo yi mini barka. Mutane suna lissafa yuro 1,000 su ga ya kusa jaka 656 na sefa, ba sa lissafa cewa wata takwas ake biya, wata huɗu kuma daga aljihu ake ci, kuma shekarun duka in an yi sa'a ba su fi goma ba. Zumunci wajibi ne, ban ce ki rufe hannu ba. Amma ki yanke abin da za ki riƙa fitarwa a wata, ki turo wa mahaifiyarki ta raba, duk wanda ya kira ki kai tsaye ki ce ya zo wurina. Ni fanshona yana isata, ba na son ko dala. Abin da nake so shi ne kafin kaka ta biyu ta ƙare ki mallaki fili a garin nan da sunanki, takardunsa a hannunki, ba da sunana ko na wani yayanki ba. Masu tambayar aure ma suna zuwa, ina amsa musu cewa lokaci na Allah ne, kuma wanda zai aure ki zai same ki da sana'arki.

Digirinki na kula da lafiyar 'yan wasa kada ya kwanta a akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun kina bugawa ki fara neman takardar horarwa a watannin hutu. Kin tuna yadda muka yi waya ranar da matan Najeriya suka doke Kanada a Faransa a 2024, suka zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik? Unguwar nan ta cika da ihu kamar mu muka ci. Ni abin da na fi kallo shi ne matar da ke tsaye a gefen fili tana ba da umarni, Rena Wakama, wadda a 2023 ta zama mace ta farko da ta ci kofin Afirka na mata a matsayin mai horarwa. Nijar ba ta kai can ba tukuna, kuma ba za ta kai ba sai 'yan mata sun sami wadda iyayensu za su yarda su damƙa mata su. Na wuce ta tsohon filinku a makon jiya, na tarar da yara mata tara da ƙwallo ɗaya, kwandon yana nan a karkace, ɗayarsu kuma ta tambaye ni ko gaskiya ne ni ne mahaifinki.

Ki turo mini takardar Sifaniya bayan sun gyara, in sake dubawa kafin ki sa hannu, ko da za su ce lokaci ya ƙure. Ki yi istihara. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ɗinka miki hijabai uku irin na wasa, biyu baƙaƙe ɗaya fari, tana tambayar launin rigar ƙungiyar don ta ƙara na huɗu, kuma za mu ba ɗan baffanki da zai tafi Yamai ranar Litinin ya aika miki. Ƙannenki duka suna gaisuwa. Allah ya tsare miki gwiwarki da mutuncinki, ya yi miki albarka.

Wassalam,
Mahaifinki