A bar mana itatuwan bakin rafin Aboabo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in kai kukana kan bakin rafin Aboabo a nan Kumasi, unguwar da aka haife ni, nake kuma zaune da iyalina har yau.

A bayan gidanmu akwai wani tsohon mangwaro da kurmin gora a gaɓar rafin. A inuwar mangwaron nan na yi karatun allo, a nan kuma tsofaffinmu ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Watan jiya da sassafe muka ji kukan injin yankan katako. Kafin azahar an kwantar da mangwaron, an sassare gorar, wai za a ajiye kwantena biyu a yi shaguna. Na sami mai aikin na ce, "Alhaji, don Allah ka duba, itacen nan shi ke riƙe da ƙasar nan." Ya ce fili nasa ne, da kuɗinsa ya saya. Ruwa biyu kacal aka yi bayan haka gaɓar ta zabtare, yanzu taku uku ne tsakanin rafin da katangar wata gwauruwa mai marayu huɗu.

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san aikin saiwa. Ita ke ɗaure ƙasa, ganye da ciyawa kuma su rage wa ruwan sama ƙarfi har ya samu ya nutse. Idan aka tsiraita gaɓa, yashi da laka su gangara cikin rafi, su haɗu da ledar da mu da kanmu muke zubawa (wannan laifin namu ne, ba na kowa ba), hanyar ruwa ta cushe. To ina zai bi? Ɗakunanmu. Ga shi Kumasi damina biyu gare ta a shekara, ba ka gama shanya katifar farko ba ta biyu ta iso.

Ba wai babu tsari ba ne. Hukumar kula da albarkatun ruwa ta Gana tana da manufar barin tazara a gefen ruwa, ƙaramin rafi ma aƙalla mita 10 kowane ɓangare, ba gini ba sara. Don kare ruwa ne ma ake tsare dajin Owabi, inda wani kaso na ruwan famfonmu ke fitowa. Amma a zango wa ya taɓa zuwa da igiyar awo ya nuna mana inda mita 10 ta tsaya?

Ranar 11 ga Yuni, 2021, da aka fara dashen Green Ghana da burin itace miliyan biyar, ni ma na karɓo tsirrai na dasa da yarana. Awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa wasu, biyu suka rayu, har yau ba su kai inuwar mutum uku ba. Shi ya sa sare tsohon itace ke min ciwo. Wanda ya shekara hamsin ba a maye gurbinsa da tsiro cikin leda, kuma garin da ake wa kirari da birnin lambuna bai kamata ya manta da haka ba.

Roƙona ga majalisar Asokore Mampong, wadda unguwarmu ke ƙarƙashinta, shi ne ta zo ta kafa alama a gaɓar, ta daina ba da izinin ajiye kwantena a ciki. Sarakunan zango kuma su sa baki kafin a sayar da irin wannan fili. Limamanmu su tuna mana a huɗuba hadisin nan cewa duk abin da mutum, tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen musulmi sadaka ce gare shi. Mu maƙwabta mun riga mun yi magana: za mu sake dasa gora da jema a inda ya zabtare kafin ruwan Satumba, kowane gida ya ɗauki tsiro biyu ya kewaye su da kara, ya riƙa ba su ruwan alwala.

Wassalam,
Wani mazaunin Aboabo, Kumasi