Mai son tace bidiyon gida ya fara koyon yanka kafin kwalliya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da waɗanda wayoyinsu suka cika da bidiyon iyali, suna son haɗa su wuri guda amma sun rasa ta inda za su kama. Ni tsohon malamin makaranta ne, ban taɓa karantar harkar fim ba. Jikata ce ta jefa ni ciki. Tun tana rarrafe uwarta take turo mini guntayen bidiyonta, wani daƙiƙa goma, wani minti biyu, har suka kai saba'in. Na ce bari in ɗinke su su zama abu ɗaya da za a zauna a kalla.

Na buɗe Clipchamp, manhajar tace bidiyo wadda take zuwa a cikin Windows 11, na jera guntayen a kan layin nan na ƙasa inda ake tsara wanne zai zo kafin wanne. Sai idona ya faɗa kan tarin salon sauyi, abin da masu sana'ar suke kira tiranzishan, wato yadda hoto ɗaya yake ba wa na bayansa wuri. Ga mai juyawa, ga mai sharewa daga gefe, ga mai buɗewa kamar ƙofa. Na ɗauka a nan gwanintar take. Babu mahaɗar da na bari ba kwalliya, kuma ban maimaita salo ɗaya sau biyu a jere ba. Da na nuna wa 'yata, ba ta kai minti uku ba ta ce, "Baba, jiri nake ji." Sannan ta tambaye ni ina takun farko na yarinyar. Na koma na duba. Yana nan, amma daidai lokacin da ta saki kujera ta ɗaga ƙafa, hoton ya riga ya fara birkicewa zuwa guntu na gaba. Abin da na tara guntayen dominsa, shi kwalliyar ta cinye.

Daga baya na gane dalili, kuma shi ne abin da na fi so masu karatu su riƙe. Sauyi ba ya zuwa da hotonsa, daga jikin guntayen biyu yake ci. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hotuna 30 a kowace daƙiƙa. Idan ka sa narkewa ta daƙiƙa ɗaya, wato hoton farko yana dusashewa na biyu yana bayyana a kansa, to hotuna 30 ne za a ga guntayen biyu a cakuɗe. Wasu manhajojin suna ɗora wutsiyar na farko a kan goshin na biyu, sai tsawon fim ɗin ya ragu da daƙiƙa ɗaya a kowace mahaɗa. Guntu saba'in mahaɗa 69 ke nan, fiye da minti guda ya tafi, kuma in ka riga ka daidaita sauti da hoto, komai ya goce. Wasu kuma, irin DaVinci Resolve, suna neman rarar hoto a bayan inda ka yanka. In babu, za su sanar da kai babu isasshe. Maganin tun wurin ɗauka yake: a danna ɗauka daƙiƙa biyu ko uku kafin abin ya fara, a ƙara biyu ko uku bayan ya ƙare. Na gaya wa 'yata haka, yanzu ta daina katsewa da zarar yarinyar ta rufe baki.

Na rushe aikin na sake. A karo na biyu ban taɓa kwalliya ba sai da na gama yanka. Kowane guntu na kalle shi, na tambayi kaina me ya sa aka ɗauke shi, na bar wannan wurin, na datse sauran: girgizar hannu ta farko, inda waya take kallon ƙasa, inda ake cewa "ya fara ɗauka?" Guntun minti biyu ya kan dawo daƙiƙa takwas. Da farko hannuna yana rawa, ina tsoron kada in lalata abin da ba shi da na biyu. Ashe manhajar ba ta taɓa ainihin fayil ɗin. Umarni kawai take rubutawa, cewa nuna daga nan zuwa nan. In ka yi kuskure, danna maɓallan Ctrl da Z tare zai maido da kai, ko ka ja bakin guntun ya sake miƙewa.

Amma wannan alherin yana da ƙaya. Tunda manhajar nuni kawai take yi zuwa inda fayilolin suke, ranar da na kwashe su zuwa wata folda don in yi tsafta, na buɗe aikina na tarar da guraben hoto wayam. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nuna mata sabon wurinsu. Ka tara komai a folda guda tun ranar farko, kada ka sauya musu suna, kada ka motsa su sai ka fitar da fim ɗin a matsayin MP4. Kuma ajiye aiki daban, fitar da fim daban. Na taɓa tura wa ɗana fayil ɗin aikin ina jiran yabo, ya ce babu abin da ya buɗe.

Da na jera yankakkun guntayen kai da kai, ba komai a tsakani, sai na ga fim ɗin yana tafiya da kansa. Ku lura da duk wani fim ko labaran talabijin, mafi yawan mahaɗunsu yanka ne tsagwaronsa, ido bai ma san an yi ba. A ƙarshe sauyi shida na sa a fim na minti tara. Ɗaya a buɗewa daga baƙi, ɗaya a rufewa zuwa baƙi, narkewa huɗu a wuraren da watanni suka shuɗe tsakanin guntu da guntu, don mai kallo ya ji lokaci ya ja. Kowace narkewa ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ba.

Inda yanka ya yi kaushi, sau da yawa na tarar kunne ne ya ji, ba ido ba. Wannan guntun da ƙarar fanka, wancan shiru, sai mahaɗar ta yi kamar an buga ƙofa. Na koyi raba sauti da hoto, in sassauta ƙarshen sautin, wani lokacin ma in bar dariyar yarinyar ta shigo kafin a ga fuskarta. Wannan dabarar ta fi duk wani juyi da birkici daɗi, ga shi ba wanda yake lura da ita.

Sai matsalar tsaye da kwance. Rabin guntayen an ɗauke su waya a tsaye, rabi a kwance. Ka yanke shawara tun farko: kwance (16:9) in a talabijin ko kwamfuta za a kalla, tsaye (9:16) in a waya. Ni na zaɓi kwance na haƙura da baƙin gefe, domin da na gwada faɗaɗa hoton ya cika allo, kan yarinyar ne ya fita.

Game da wace manhaja, kada a ɓata lokaci. Wanda ya saba da Movie Maker ya sani Microsoft ta janye ta tun 2017. Mai Apple yana da iMovie, mai waya yana da CapCut, akwai Shotcut da OpenShot ga mai kwamfuta. Duk layin jeri ɗaya ne da almakashi ɗaya. Shawarata ga mai farawa: ya ɗauki guntu biyar kacal, ya haɗa fim na minti guda, ya hana kansa taɓa sauyi ko ɗaya, ya nuna wa wanda ba zai ji nauyin gaya masa gaskiya ba.

Malam Edita, in da hali, shafinku na kimiyya da fasaha ya yi mana bayani kan yadda ake daidaita ƙarfin sauti tsakanin guntaye, a nan nake fama yanzu. Jikar tawa ta fara magana, uwarta kuma ta turo wasu goma sha huɗu.

Naka,
Wani tsohon malami mai karanta jaridarku