Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Ilimi: 'Ya'yanmu da Kwalejin Macaulay

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa. A madadin kwamitin ilimi na ƙungiyarmu a nan Bronx, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare.

Darussan ƙarshen mako sun ci gaba kamar yadda aka saba, sai dai mun dakata a cikin azumi, muka dawo bayan ƙaramar salla. Mun kuma zauna da iyaye muka cike takardun neman tallafin karatu na FAFSA da TAP. Muna gode wa matasan da suka zo da kwamfutocinsu suka wuni da mu.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne batun Kwalejin Macaulay, wato sashen zaƙaƙuran ɗalibai na jami'ar birnin New York, CUNY. An kafa ta a 2001, aka sa mata wannan suna a 2006 bayan William Macaulay da matarsa Linda sun ba da gudummawar dala miliyan 30. Ɗalibanta suna karatu a kwalejoji takwas na CUNY, ciki har da Lehman da ke nan unguwarmu, da Hunter da Baruch da City College. Wanda aka ɗauka, in mazaunin jihar New York ne, ba ya biyan kuɗin koyarwa. Wannan ne labarin da ya bazu a cikinmu, har wasu iyaye suka ɗauka da an shiga an gama. Kwamiti ya ga dole mu zauna mu karanta sharuɗɗan kammalawa, mu fassara su da Hausa, mu karanta wa juna.

Ɗalibi zai yi digirinsa na kiredit 120, wato ma'aunin yawan darussan da ya ci, kamar kowa a kwalejin da yake. Bayan haka akwai darussan tattaunawa guda huɗu, ɗaya a kowane zango na shekara biyun farko, kuma duka a kan birnin New York suke. Na farko kan fasaha ne, ana kai yara gidajen tarihi da na wasan kwaikwayo, wani lokaci da dare. Na biyu kan mutanen birnin ne da yadda baƙi suka zo suka zauna. Na uku kan kimiyya, na huɗu kan makomar birnin. Ni dai na biyun nan ya fi tsaya mini a rai. Yaron da kakansa ya taso daga zangon Kumasi ko Maraɗi ko Kano yana da abin rubutawa a cikin gidansu, ba sai ya je nesa ba. Mun roƙi dattawanmu, in yaro ya zo da tambayoyi kan yadda kuka zo ƙasar nan da yadda aka fara haɗa kuɗin hayar masallaci, ku zauna ku ba shi labari, aikin makaranta yake yi.

Sai maganar maki, wadda ita ce ta fi ba mu wahalar bayani. Ana son ɗalibi ya riƙe matsakaicin maki 3.3 cikin 4 a farkon karatunsa, daga baya ya kai 3.5 ya riƙe har ya gama. Wata uwa ta miƙo mana wayarta a wajen taro, sakamakon 'yarta yana nuna 3.4, tana murna, ta ce ai saura kaɗan ta cika huɗu. Da muka zana mata a allo cewa B+ maki 3.3 ne, A- kuma 3.7, sai ta yi shiru. Ashe yarinyar tana tsaron kanti dare huɗu a mako don ta taimaka da kuɗin haya. Uwar ba ta san aikin yana cin karatun ba, yarinyar kuma kunya ta hana ta faɗa. Mun zauna da su biyun, an rage kwanakin aikin, kuma asusun taimako na ƙungiya ya ɗauki kuɗin littattafanta da na jirgin ƙasa. Ya kamata mu sani cewa tallafin Macaulay bai haɗa da littattafai da sufuri da abinci ba, don haka gidan da ya dogara da albashin yaro yana bukatar mu kama masa tun kafin makin ya faɗi.

Akwai kuma sharaɗin aikin sa kai na awa 30, da na neman ƙwarewa a wajen aji. Wannan na biyun ya tayar da hankalin wasu iyaye maza, domin sun ji ana cewa karatu a wata ƙasa, su kuma ba za su bar 'ya mace ta yi nisa ita kaɗai ba. Mun bayyana musu cewa koyon aiki a wani ofis ko asibiti a cikin birnin nan ma yana cika sharaɗin. Game da aikin sa kai, yaranmu da yawa suna raka tsofaffi asibiti suna yi musu tafinta, amma ba sa rubutawa. A tambayi jami'in da ke ba ɗalibi shawara kafin a fara, a kuma riƙa ajiye shaida. A shekarar ƙarshe ɗalibi zai gabatar da kundin bincike ko wani babban aikin kammalawa ƙarƙashin malami, kuma wanda ya bari sai zango na ƙarshe kafin ya nemi malamin zai sha wuya.

Inda muka gaza shi ne lokaci. Ana rufe neman shiga Macaulay da wuri, tun kafin hutun ƙarshen shekara, mu kuma muka kira taronmu a makare, har wasu 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka rasa damar. Laifin kwamiti ne, muna neman afuwar gidajen da abin ya shafa. Wannan karon za mu yi taron a watan Satumba in Allah ya yarda, kuma muna son iyayen 'yan aji 11 su zo tare da 'ya'yansu.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi bayan sallar la'asar. Masu son shiga kwamitin su rubuta sunansu a takardar da ke bakin ƙofa, musamman mata, domin yawancin tambayoyin da muka samu bana daga iyaye mata suka fito.

Sakataren Kwamitin Ilimi