Zuwa ga Likita a Kano, kan halin da kuɗin bincike ya shiga

Amurka, 21 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum, Likita.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan sanyi ya fara leƙowa da sassafe.

Saƙonka ya iso, amma tambayoyinka biyu sun fi ƙarfin a amsa su a waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka tambaya ko da gaske ne kuɗin binciken lafiya ya ƙafe a Amurka, ko zuzutawar 'yan jarida ce. Ka kuma tambaya game da ɗalibin nan naka mai son zuwa digiri na uku, ko ya ci gaba da nema ko ya haƙura.

Kuɗi na nan. Amma yau babu wanda zai dafa ƙirji ya ce maka abin da aka yi masa alƙawari a bana zai same shi baɗi, kuma ka san aikinmu ba ya yiwuwa a haka. Gwajin da zai bi marasa lafiya shekara biyar ba a tsara shi da kuɗin da ake jira wata-wata.

Harabar da nake aiki irin waɗannan ne da makarantar likitanci, da asibitin koyarwa, da ɗakunan bincike suke cikin katanga ɗaya. Yawancin binciken da ake yi a cikinta NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ce ke ɗaukar nauyinsa. Hedkwatarta na Bethesda a jihar Maryland, tana da cibiyoyi 27, kasafinta kuwa ya kai wajen dala biliyan 47 a shekara. Duk tallafin da ta bayar kashi biyu ne. Akwai kuɗin aikin kansa: albashin masu bincike, sinadarai, kayan gwaji. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya da ake ba jami'a a kai, wanda kowace jami'a take daidaitawa da gwamnati, kuma a manyan wurare ya kan haura kashi 50 cikin ɗari. Ranar Juma'a, 7 ga Fabrairu, NIH ta sanar cewa daga Litinin an mayar da shi kashi 15 ga kowa, har da tallafin da tuni yake tafiya. Ta ce hakan zai tara dala biliyan 4 a shekara.

Bari in nuna maka abin da wannan kuɗin yake yi. A barandar da ke bayan ɗakin gwajinmu akwai manyan firiza a jere, kowace tana riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. A ciki akwai jinin mutanen da suka miƙa hannu aka ɗiba shekaru da suka wuce, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. In wuta ta ɗauke ko injin ɗaya ya tsaya da tsakar dare, ƙararrawa za ta buga a wayar wani ma'aikaci, ya taso daga gida ya kwashe kayan kafin su narke. Wutar, da janareton ko-ta-kwana, da albashin wannan bawan Allah, da mai kula da ɓerayen gwaji, da masu kwashe shara mai guba, da kwamitin da ke tabbatar da ba a zalunci mara lafiya da sunan bincike ba, duk daga kuɗin ɗawainiya suke fita. Rage shi zuwa kashi 15 tamkar a ba mai girkin biki kuɗin shinkafa da nama ne, a ce itace da ruwa da hayar tukwane ta san inda za ta samo.

Ba na cewa jami'o'i ba su da abin da za a tambaye su. Ni kaina na daɗe ina ganin ya kamata su fito da lissafin wannan kuɗi fili, kowa ya ga inda kowace dala ta shiga. NIH ta kafa hujja da cewa gidauniyoyi irin ta Gates kashi 10 suke ba jami'o'in Amurka, kuma ana karɓa. Abin da ba a faɗa ba shi ne, ana iya karɓar na gidauniya ne domin na gwamnati ya riga ya gina ɗakin ya kunna wutar. Kuma ko gyara za a yi, ba tsakanin Juma'a da Litinin ake yin sa ba.

A ranar Litinin ɗin ce jihohi 22 suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Boston. Mai shari'a Angel Kelley ta dakatar da matakin a ranar, sannan a watan Afrilu ta hana shi gaba ɗaya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. To ka ga, kashi 15 ɗin bai fara aiki ba, amma tsoronsa ya riga ya yi aiki. Jami'o'i da dama sun dakatar da ɗaukar ma'aikata, sun rage tafiye-tafiye, sun jinkirta sayen na'urori.

Sauran ya biyo baya kamar yadda ka ji a labarai. A farkon shekara an yi ta ɗage zaman kwamitocin da ke tantance takardun neman tallafi. An soke ɗaruruwan tallafi saboda batun da suke bincike a kai bai dace da manufar sabuwar gwamnati ba. A watan Yuni mai shari'a William Young ya ce sokewar ta saɓa wa doka, amma ranar 21 ga Agusta Kotun Ƙoli, da ƙuri'a 5 da 4, ta bar gwamnati ta ci gaba da riƙe wajen dala miliyan 783. Kasafin da fadar shugaban ƙasa ta gabatar na 2026 ya nemi a zaftare wa NIH kusan kashi 40 cikin ɗari, a haɗe cibiyoyinta su koma 8. Kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa ya ƙi, a ƙarshen Yuli ma ƙarin dala miliyan 400 ya amince da shi, kuma da 'yan jam'iyyun biyu aka yi. Wannan ya kwantar mana da hankali kaɗan. Sai dai shekarar kuɗi za ta ƙare 30 ga wannan wata, kuma har yau majalisa ba ta gama kasafin ba.

Akwai wata baiwar Allah da muke aiki tare, ita ce ke kiran marasa lafiyar da ke cikin bincikenmu, ta tuna musu ranar zuwa, ta san wanda ba shi da mota, ta san wadda ba ta samun zuwa sai ta kai jikoki makaranta. Kwangilarta shekara-shekara ce, a kan tallafin take. Da takardar sabuntawa ta yi jinkiri, ta zo ofis ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ita ba don kanta take tambaya ba, so take ta san abin da za ta gaya wa mutanen da suka saba jin muryarta. Ba mu da amsar da za mu ba ta. Daga baya kuɗin ya fito, amma kafin nan ta riga ta karɓi aiki a wani wuri, tana da 'ya'ya, ba wanda ya ga laifinta. Wasu daga cikin marasa lafiyar ba su sake ɗaga waya ba tun da muryar ta canza. Wannan asarar ba za ta fito a lissafin kowa ba, amma ta bar rami a bayananmu.

Abin da ya fi hana ni barci kuwa, Likita, ya fi kusa da kai fiye da ni. Ka fi ni sanin aikin da aka yi kan yara masu sikila a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Murtala, da Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt. A nan Amurka, yaron da na'urar duba gudun jini a ƙwaƙwalwa ta nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ƙarin jini ake yi masa duk wata. A Kano ina jinin, ina kuɗin? Shi ne aka gwada maganin hydroxyurea a kan yara 220, aka kwatanta ƙaramin awo da matsakaici, sakamakon ya fito a 2022, ya nuna ko ƙaramin awon yana ba da kariya. A ƙasar da ake haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da kuɗin NIH aka yi shi, ta hanyar tallafin da jami'ar Amurka take karɓa ta raba da abokan aikinta na waje. Ranar 1 ga Mayu NIH ta ce ta daina ba da tallafi ta wannan hanya har sai ta fito da sabon tsari. Kasafin 2026 ɗin can ya nemi a rufe Cibiyar Fogarty ta NIH ma, wadda ta horar da likitocin Afirka da yawa kan bincike. Ka haɗa da abin da ya samu Jami'ar Johns Hopkins a watan Maris, da ta rasa dala miliyan 800 na USAID, hukumar agaji ta Amurka, ta sallami ma'aikata sama da 2,200, mafi yawansu a ƙasashen waje. Idan aka yanke a nan, jinin a can yake zuba.

Saboda haka ina roƙonka, duk aikin haɗin gwiwa da kake ciki, ka tabbatar kwafin bayanan yana hannunku a Kano, kuma akwai rubutacciyar yarjejeniya kan abin da zai faru da samfuran jini da kuma maganin yaran idan kuɗi ya tsaya. Ku fara ƙwanƙwasa ƙofar TETFund da ma'aikatar lafiya ta jiha da attajiran gari tun yanzu. Na san abin da za su bayar ba zai kai ba, amma ko albashin nas biyu da kuɗin magani ne, zai riƙe asibitin yaran har a ga inda aka dosa.

Game da ɗalibinka, ya nema, kada ya karaya, amma kada ya jingina da Amurka kaɗai. A bana makarantar likitanci ta UMass Chan ta janye guraben digiri na uku da ta riga ta yi wa ɗalibai tayi, wasu jami'o'in kuma sun rage yawan waɗanda suke ɗauka. Cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin NIH, ta koma ba da tallafi ga wajen kashi 4 cikin ɗari na takardun da suka fi maki, alhali a baya wajen kashi 9 ne, don haka malamai da yawa ba su da kuɗin ɗaukar sabon ɗalibi. Ga kuma biza: tun watan Yuli yawancin wadda ake ba 'yan Najeriya ta wata uku ce, shiga sau ɗaya. Ya rubuta wa malamin da yake so ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya tambaye shi kai tsaye cikin ladabi, tallafinsa shekara nawa ya rage, kuma idan ya tsaya sashen zai ɗauki nauyin ɗalibi ko a'a. A nan ba a ɗaukar wannan tambaya a matsayin rashin kunya. Ya nemi Birtaniya, Jamus, Kanada da Afirka ta Kudu a lokaci guda. Ka ce ya turo mini takardunsa kafin ƙarshen Oktoba in duba masa, domin yawancin makarantu a farkon Disamba suke rufe karɓa.

Ni dai aikina na nan zuwa baɗi in Allah ya yarda, kada Hajiya ta ji labari ta tayar da hankalinta. Ka rubuto mini yadda asibitin yaranku yake, musamman ko maganin yana samuwa kuma nawa iyaye suke saye yanzu.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida uwargida da yara, da duk abokanmu na majalisa. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Amininka